Ƙoramar Timiya a Duwatsun Azbin: Daga Ina Ruwan Yake, Kuma Wa Ke Cin Moriyarsa?

Idan damina ta kankama, akan ga hotunan wani ruwa da ke gangarowa daga saman baƙin dutse zuwa cikin wani tafki suna yawo a Facebook da WhatsApp, tare da bayanin cewa a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar aka ɗauke su. Nan take sai gardama ta kaure. Wasu su ce ƙarya ce, domin a saninsu arewacin Nijar rairayi ne tsagwaronsa. Wasu su ɗauka kogi ne da ke gudana rani da damina, har su fara zargin hukuma da barin dukiya tana lalacewa. Idan kuma sanyi ya shigo, lemon zaƙi na Timiya ya cika kasuwannin Agadas da Yamai, sai tambayar ta dawo ta wata fuskar: ta yaya ƙasar da ba ta samun ruwan da zai nunar da gero take fitar da lemo? Amsar tana buƙatar a san yadda ruwa ke tafiya a cikin duwatsu, a kuma san tarihin mutanen da suka rayu a kansa, domin daga nan ne za a iya auna maganar da ake yawan yi cewa buɗe wurin ga masu yawon buɗe ido shi ne mafita.

Mene ne ainihin abin da ke Timiya?

Timiya ƙaramin gari ne a tsakiyar duwatsun Azbin, waɗanda taswirar zamani ke kira Ayir, tazarar kilomita 200 da ɗoriya arewa maso gabas da birnin Agadas. A kudu da garin ne tsaunukan Bagazam suke, inda ƙololuwa mafi tsayi a Nijar take, mai mita 2,022. Mazauna Timiya Azbinawa ne na reshen Kel Ewe. Garin yana kwance a gefen wani kwari mai faɗi da yashi ya cika, lambuna da itatuwan dabino sun bi gaɓarsa, kuma 'yan kilomitoci kaɗan daga gari kwarin yana ƙuntata, ya faɗa ta kan dutse zuwa cikin wani gurbi mai zurfi.

Abu biyu ne ake cakuɗawa a nan. Magangarar ruwan ta lokaci ce: takan yi ƙarfi bayan an yi ruwa a kan duwatsu, tsakanin Yuli da Satumba, sa'an nan ta ragu ta koma siririn zare ko ta ɗauke, gwargwadon yadda daminar shekarar ta kasance. Tafkin da ke ƙarƙashinta kuwa yana riƙe ruwa duk shekara, saboda ƙasansa dutse ne da ba ya tsotsewa, kuma bangayen da suka kewaye shi suna kare shi daga rana da iska. Don haka mai cewa hoton ƙarya ne ya yi kuskure, mai cewa kogi ne shi ma bai dace ba.

Ƙoramar da ido ba ya gani

Ruwan saman da Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kuma yana ƙara raguwa idan aka nausa arewa, alhali Kano takan samu fiye da 700. Da a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan ɗan ruwa yake sauka, da ya ƙafe kafin ya amfani kowa. Abin da ya bambanta Azbin shi ne dutse. Ruwan da ya sauka a kan tsirarun duwatsu ba ya nutsewa, sai ya gangaro ta kowane lungu ya taru a kwari ɗaya, ta yadda ruwan da ya faɗi a kan fili mai girman gaske yakan ƙare a wata siririyar hanya. Shi ya sa kwarin da mutum ya ratsa da ƙafa da safe, busasshe ƙayau, kan iya cika da ambaliya mai ɗauke raƙumi da la'asar, ko da a wurin ba a ga ɗigon ruwa ba.

Ambaliyar takan wuce cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, amma kafin ta wuce wani kaso nata ya riga ya nutse cikin yashi da tsakuwar da suka cika kwarin. A ƙarƙashin yashin akwai dutse, kuma a wuraren da dutsen ya taso ya gitta kwarin, yakan tare ruwan ya hana shi zurarewa. Kwarin sai ya zama tamkar randa da aka cika da yashi: ruwa na ciki, rana ba ta kai gare shi. Wannan ruwa na ƙarƙashin yashi, wanda ke tsiyaya a hankali tsawon watanni, shi ne ƙoramar Timiya ta gaskiya. Daga gare shi rijiyoyin lambu ke sha, saiwoyin dabino da na gawo da ƙaya su ma can suke kaiwa, kuma abin da ya tsallake shingen dutsen shi ke ɓulla a magangarar da ake ɗauka hoto.

Yana da muhimmanci a rarrabe wannan ruwa da wanda ke kwance can ƙarƙashin filayen yamma da duwatsun, wajen Arlit, inda ma'adinan yuraniyom suke. Wancan tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara ke da dausayi, kuma kusan ba ya sabuntuwa. Na Timiya kuwa ajiya ce ƙarama wadda damina ke cikawa kowace shekara. Idan kwarin ya yi gudu sau da yawa a damina, rijiyoyi su cika, idan kuma shekara biyu ko uku suka wuce bai yi gudu sosai ba, sai a shiga yasar rijiya ana bin ruwa ƙasa. A ganina duk wata magana kan makomar wurin da ba ta fara daga wannan iyaka ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Kafin Timiya ta yi suna, Asode ake ji

Ɗan Hausa da ya je Azbin ba baƙon tarihi ba ne. Labaran gargajiya na Gobir sun nuna cewa Gobirawa sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci haka a Infaƙul Maisuri, inda ya ce ƙasar tana hannun mutanen Gobir kafin Azbinawa su karɓe ta. Tarihin sarakunan Kano kuma ya kawo cewa a zamanin Sarki Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 15 ɗin ne aka kafa sarautar Azbin wadda daga baya ta zauna a Agadas, garin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma har yau Hausa ce harshen kasuwarsa.

A arewa da Timiya, tafiyar 'yan kilomitoci gomomi, akwai kufan Asode. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin babban garin cikin duwatsun, mazaunin Anastafidat, shugaban Kel Ewe, kuma zango a kan hanyar fatake tsakanin Gat da Gadamas na ƙasar Libiya ta yau a arewa da ƙasar Hausa a kudu. Mai ziyara a yau zai tarar da bangayen dutse tsaye ba rufi, da sauran babban masallaci, da fasassun tukwane a warwatse a ƙasa. Abin da aka fi faɗa shi ne yaƙin Kawsan, jagoran Azbinawan da ya yi wa Faransawa tawaye, ne ya kashe garin, amma wannan rabin labari ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Azbin a 1850 kafin ya bi ayarin gishiri ya iso Kano a farkon 1851, ya rubuta cewa tun a lokacin yawancin gidajen Asode sun zama kangaye. Kasuwancin ƙetare Sahara ya riga ya fara ja da baya, garin kuwa a kansa ya dogara.

Yaƙin shi ne ya ƙarasa abin da ya rage. A Disamba 1916 Kawsan, tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama da 'yan ɗariƙar Sanusiyya, ya yi wa barikin Faransawa da ke Agadas ƙawanya. A Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta fasa ƙawanyar, Turawan Ingila da ke Najeriya kuma suka taimaka da sojoji. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai da mutanen gari a Agadas, an kwashe dabbobi, an tilasta wa jama'ar cikin duwatsu barin garuruwansu, da yawa suka gangara Damargu da ƙasar Kano. Da ƙura ta lafa aka fara komawa, sai mutane suka taru a kwarurukan da ruwansu ke kusa da hannu, irin su Timiya da Iferwan, Asode kuwa ba ta sake tashi ba. Ƙaramin barikin da Faransawa suka gina a kan tudu a saman Timiya a farkon shekarun 1950, wanda ake kira da sunan Massu, yana nan har yanzu, kuma daga kansa ake ganin garin da lambunansa gaba ɗaya.

Gero daga kudu, gishiri daga gabas

Ruwan kwarin bai taɓa isa ya ciyar da Timiya shi kaɗai ba. Abincin Kel Ewe gero ne, gero kuma ba ya yi a Azbin yadda zai wadatar, don haka rayuwarsu ta ginu a kan tafiya mai kusurwa uku. Bayan damina, wajen Oktoba, idan raƙuma sun ƙoshi, sai a yanki ciyawa a ɗaure dami-dami, domin a hamadar Tenere babu abin da dabba za ta ci, a kama hanyar Fashi da Bilma, garuruwan gishiri da ke gabas, ƙarƙashin jagorancin madugu. A can a ba da gero da sauran kayan kudu, a karɓi kantun gishiri da dabino. A dawo Azbin a ɗan huta, sa'an nan a gangara Damargu da Damagaram da Tasawa har Kano da Katsina, a sayar da gishiri a kasuwannin ƙauye, a sayi gero a lokacin da yake da araha. Raƙuma su yi watanni suna kiwo a gonakin da aka girbe suna barin taki, kafin a juya arewa gab da damina. Rawanin turkuɗi mai sheƙi da namijin Azbin ke taƙama da shi ma daga marinar Kura ta ƙasar Kano yake fitowa.

A farkon ƙarni na 20 ana lissafa raƙuma har 20,000 a ayarin Bilma na shekara guda. Yayin da maza ke wannan tafiya da ke cinye fiye da rabin shekara, mata ne ke riƙe da garken awaki a cikin duwatsu, suna bin rijiyoyi da tafkuna, suna yin cuku. Wato gida ɗaya yana da ƙafa uku, ayari da kiwo da lambu, idan ɗaya ta yi rauni sauran su tallafa. Wannan tsari, wanda masanin Jamus Gerd Spittler ya daɗe yana nazarinsa a Timiya, shi ya fitar da su daga yunwa da dama.

Yadda lambu ya karɓi ragama

Farin shekarun 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun halaka raƙuma da awaki masu yawa, manyan motoci kuma suka shiga jigilar gishiri. Mutane da dama da suka rasa dabbobinsu sai suka koma haƙa rijiya a gaɓar kwari.

Tsohuwar hanyar ban ruwa ta cancanci a tsaya a kanta. Ana kafa itatuwa a karkace a bakin rijiya, da abin juya igiya guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Gugan fata ne babba mai dogon baki kamar hannun riga, igiya ɗaya ta riƙe gugan, ɗaya ta riƙe bakin a naɗe sama don kada ruwa ya zube. Yaro ya ja bijimi ko raƙumi ya yi gaba, gugan ya taso, da ya kai sama sai bakin ya miƙe ya juye ruwan cikin kututturen da aka fafe, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa fangali-fangali na alkama da masara. Dabbar ta juyo, gugan ya koma. Hikimar da ke ciki ita ce ƙarfin dabba yana da iyaka, saboda haka abin da ake ɗiba a yini ba ya wuce abin da yashi zai iya mayarwa da yawa.

Injin ban ruwa mai aiki da fetur, da na gas da na hasken rana da suka biyo baya, sun cire wannan iyaka. Lambuna sun faɗaɗa, an koma ga amfanin da ke kawo kuɗi: lemon zaƙi, garehul, rumman, inabi, tumatir, tafarnuwa, dankalin Turawa, da albasa wadda ta fi yawa a kwarurukan Tabelot da gindin Bagazam. Sanyin dare na kan tudu yana taimaka wa lemon, kuma ana kai shi har baje kolin da manoman lambun Agadas ke yi a Yamai. Babu mai musun cewa wannan ya shigo da kuɗi, ya riƙe matasa a gida. Sai dai ajiyar da ke ƙarƙashin yashi ba ta ƙaru ba. Mai inji da kuɗin zurfafa rijiya yana iya janye ruwan daga ƙarƙashin maƙwabcinsa mai guga, makiyayiya kuma ta tarar shinge ya tare hanyar da awakinta ke bi zuwa ruwa. Ga kuma ambaliya, wadda kan cinye gaɓa ta tafi da lambu da rijiyarsa a dare ɗaya. Abin da kwarin Telwa ya yi wa birnin Agadas a Satumba 2009, lokacin da ya fasa shinge ya rushe unguwanni, ya isa misalin ƙarfin wannan ruwa.

Zuwan baƙi da ɗaukewar ƙafarsu

Daga shekarun 1980 Azbin ta shiga taswirar masu yawon buɗe ido na Turai, musamman da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke bi ta Agadas, da kuma ƙoƙarin mutane irin su Mano Dayak, Ba'azbinen da ya yi suna a harkar yawon buɗe ido, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa. A 1991 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya gandun Ayir da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin wuraren tarihi na duniya, amma shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen Azbinawa da ya ɓarke. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 baƙi sun dawo, har jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas a lokacin sanyi, Timiya kuma ta zama zangon da ba a tsallakewa. Tawaye na biyu, wanda ya fara da harin Iferwan a Fabrairu 2007 ya kuma bar nakiyoyi a wasu hanyoyi, da sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumba 2010, su suka ɗauke ƙafar baƙin kusan gaba ɗaya. Direbobi da 'yan jagora da yawa sun koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, wasu suka tafi haƙar zinariya bayan an gano ta a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014. Maƙeran azurfa da mata masu aikin fata suka rasa masu saye.

Akwai wani abin lura a nan. Baƙi suna zuwa ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da magangarar ta riga ta yi rauni, domin a lokacin da take cika ambaliya kan yanke hanya. Ashe ko a zamanin da harkar ke ci, ba ruwan kaɗai ke jawo su ba.

Ɓangarorin muhawarar

Masu kira a farfaɗo da yawon buɗe ido suna da hujja mai ƙarfi: baƙo yana kawo kuɗi ba tare da ya sha ruwan da kadadar albasa ke sha ba, kuma kuɗin na shiga hannun waɗanda ba su da lambu. Suna ƙara da cewa ba dole sai Bature ba, 'yan Nijar da 'yan Najeriya ma kasuwa ce da ba a taɓa gwadawa da gaske ba. Masu ɗari-ɗari kuwa suna tuna cewa a da kaso mafi tsoka yana tsayawa ne a hannun kamfanonin Agadas da na Turai masu motoci, kuma sana'ar da harbi ɗaya ke iya rufewa na shekara goma ba abin jingina ba ce. Akwai kuma dattawa da malamai da ke damuwa da shigar baƙi da wankansu a tafkin da mata ke shayar da dabbobi.

Na fi karkata ga cewa gardamar ta fi ƙarfin abin da ake gardama a kai. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ficewar sojojin Faransa da na Amurka, da sace wasu Turawa a cikin Agadas a 2025, dawowar baƙin waje da yawa ba abu ne na kusa ba. Abin da ke taɓa talakan Timiya yau da gobe shi ne zurfin rijiya, da kuɗin mai, da halin da hanya ke ciki lokacin da lemo ya nuna, domin kayan da suka kwana biyu a mota a kan dutse rabinsu asara ne. Ayyukan da suka fi amfani ba su da kyan hoto: ƙananan shingayen da ake gittawa a kwari don rage gudun ambaliya ta samu nutsewa, da duwatsun da ake ɗaurewa cikin ragar waya don kare gaɓa, da yarjejeniya tsakanin masu lambu da makiyaya kan inda za a haƙa sabuwar rijiya. An sanya tafkuna da dausayoyin Azbin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa tun 2005, amma takarda ba ta hana inji aiki.

Ga mai niyyar zuwa

Hanyar daga Agadas takan bi ta El Meki, tsohon garin haƙar kuza, kuma tafiya ce ta yini a mota mai ƙarfi a kan dutse da yashi. Hukumomi kan buƙaci baƙin waje su nemi izini su kuma tafi da rakiyar jami'an tsaro, ɗan ƙasa ma bai kamata ya kama hanya ba tare da ya tambayi halin da ake ciki ba, ko ba tare da ɗan jagora na yankin ba. Ba a kwana ko ajiye mota a tsakiyar kwari da damina, komai bushewarsa. A gari akan fara da gaida mai gari, a nemi izini kafin shiga lambu ko ɗaukar hoton mata, kuma ba a sa sabulu a tafkin, tunda mutane da dabbobi na sha daga gare shi. A Asode ba a ɗaukar ko ɓallin tukunya. Mai son ganin magangarar da ƙarfinta sai ya nufi ƙarshen damina ya haƙura da wahalar hanya, mai son lemo da sanyin tafiya kuwa sai ya jira Disamba ko Janairu.